Man da Aka Ba Nomau

A Gidan Kwari akwai wani manomi da ake kira Nomau, wanda duk abin da aka faɗa masa yadda ya shiga kunnensa haka yake aikata shi. Gidansa ɗaki biyu ne da rumbu, sai matarsa Ladidi da suka shekara ashirin da bakwai tare. 'Ya'yansu duk sun yi aure sun watse. Shekara biyu da suka wuce aka yi wa Ladidi aiki aka cire mata mahaifa, kuma tun daga nan kwanciyar aure ta koma mata azaba, ga bushewa ga zafi kamar ana yanka ta. Kunya ta hana ta faɗa. Sai kawai ta ɗauke tabarmarta ta koma ɗayan ɗakin, shi kuma ya rasa laifin da ya yi.

Wata rana ya same ta tana tsince wake tana hawaye. Ya tsuguna ya ce, "Ladidi, me ya same ki?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, na bushe ne." Nomau ya miƙe da gudu, ya ciko bokiti a randa ya sheƙa mata tun daga ka. Ta zauna sharkaf, wake yana yawo a tsakar gida. Ya ce, "Yanzu fa?" Ta tashi ta shige ɗakinta.

Wata rana ya raka ta ƙaramin asibitin garin, wurin ungozoma Malama Rifkatu. Da ƙyar Ladidi ta yi bayani, tana gamawa ta fice waje. Malama Rifkatu ta kira Nomau ta miƙa masa wani mai a cikin 'yar roba irin ta man goge baki. Ta ce, "Baba, wannan man santsi ne na ma'aurata. Yawancin matan da aka yi wa aikin nan suna buƙatarsa, ba abin kunya ba ne." Amma ita ma da ta dubi furfurarsa sai nauyi ya kama ta, ta ce, "Ka gane dai, a ƙofa ake shafawa kafin a shiga." Suna isa gida Nomau ya matse man tas a jikin ƙyauren ɗakin Ladidi, ya mulke shi har sakata. Ta zo shiga, hannunta ya zame, goshinta ya bugi katako. Ta fara dariya, dariyar ta juye kuka.

Wata rana ya koma ya karɓo wani. Malama Rifkatu ta dafe kai, ta yi masa bayani ɓaro-ɓaro, sannan ta ce, "Ka ajiye shi a wuri mai sanyi." Nomau bai san wurin da ya kai rijiyar unguwa sanyi ba, sai ya ɗaure robar da zare ya zura ta ciki. Da safe gugar wata mata ta fito da ita. Wata mai karatun boko ta karanta rubutun jiki da ƙarfi, mata suka yi ta shewa. Ana cikin haka Nomau ya iso ya ce, "Ku ba ni, na Ladidi ne." Ladidi kuwa tana tsaye a wurin da tulunta. Kwana uku ba ta leƙa ƙofar gida ba.

Wata rana da hantsi ta ƙulle kayanta a zane, ta ce za ta koma garin Tsamiya gidan wanta, tunda ta tashi daga mace ta koma abin dariya. Nomau ya ruga asibiti yana haki. Malama Rifkatu ta ce, "Baba, mace mai ciwo ba a yi mata gaggawa. Ka bi ta a hankali." Ya dawo ya tarar har ta kama hanya, sai ya bi bayanta, taku ɗaya bayan ɗaya. In ta tsaya ya tsaya, in ta tafi ya tafi. Suka wuce gonaki, suka haye rafi, rana ta take, bai kira ta ba, bai kuma kamo ta ba. Gab da Tsamiya ta juyo, ta ga tsoho a tsaye ba takalmi, ƙafarsa tana jini.

"Malam, me kake bi na?"

"An ce in bi ki a hankali."

"Har ina?"

"Ba a faɗa mini inda zan tsaya ba."

Ladidi ta sauke ƙullinta ta zauna a gefen hanya. A nan, ba kowa sai su biyu, ta faɗa masa komai da sunansa: inda ke mata zafi, da lokacin da yake yi, da yadda ta riƙa cije zane don kada ya ji. Da farko ta ɗauka Nomau bai gane ba. Can sai ta ga hawaye yana bin gemunsa.

Ya ce, "Ashe ni ne nake ji miki ciwon."

Ta ce, "Ba ka sani ba."

"Kin san kaina, Ladidi. Duk garin nan ke kaɗai kike yi mini magana yadda zan gane. Me ya sa wannan kika ƙi?"

Ta yagi bakin zanenta ta ɗaure masa ƙafa. Ya laluba aljihu ya fito da robar, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Riƙe a wurinki. Ranar da kika ce, to. In ba ki ce ba har abada, shi ma to. Ki dai dawo gida."

Ta karɓa ta soke a ƙugunta. Ya ɗauki ƙullin ya ɗora a kansa, suka juya. Yana ɗingishi, ita ce ta riƙa rage sauri tana jiransa.