Kek Ɗin Jikana da Kalmar "Lovely"

"Ni ma lafiya lau, kafin in ga fuskarka. Goge ƙafa ka shigo."

Jikana Ellis ne, ruwan sama ya jiƙa shi sharkaf, ya rungumo kek kamar jariri. Ran Lahadi zai je shan shayi gidan iyayen budurwarsa Bethan karon farko, ya rantse da hannunsa zai gasa abin da zai kai musu. Wannan na gwaji ne.

Na gutsura, na tauna. "Lovely," na ce.

Ya janye farantin. "Ban karɓa ba, Kaka."

"Yabo ne fa. Abu ya yi kyau, ya kwanta a rai. Me kake so, ganga?"

"Direban bas ya miƙo miki tikiti, kin ce lovely. Likita ya ce zai cire miki haƙori, lovely. Rigar sanyin da maƙwabciyarki Doreen ta saƙa miki ma lovely, ga ta can kyanwa na kwana a kai."

"Ai kyanwar ta yaba."

"Shekara tamanin kina rabon kalma ɗaya kamar alewa."

"Saba'in da tara, mai kunnen zomo. Da ita na zauna lafiya da unguwa. Baki shi ke yanka wuya."

"Gaskiya na zo nema. Uwar Bethan ce ke alƙalancin gasar kek a ƙauyensu."

Na dube shi, na ga da gaske yake. Na ajiye cokali.

"To saurara. Ƙasansa ya ƙone, cikinsa ɗanye. Da zan jefi kare da shi, sai kotu."

"Haba, Kaka."

"Wanda ya ce zai haɗiye gatari, a riƙe masa ƙota."

"Shi ke nan, na kanti zan saya."

"Ka kai wa matar nan na kanti? Za ta yi murmushi ta ce lovely, ta raka ka ƙofa har abada. Marigayi kakanka shekara arba'in yana min miya, ban taɓa ce masa lovely ba. Sai dai in ce gishiri ya yi yawa, in miƙa kwano a ƙaro."

Na miƙe. Na buɗe kabad, na ciro tsohon kwanon gasa kek, baƙi ƙirin, mai nauyi.

"Ungo, na uwata ne. Naka ba kauri, shi ke ƙona maka. Ka rage wuta, gobe ka kawo wani."

Ya rungume kwanon yana dariya. "Kin yi nasara, tsohuwa. Sai yaushe za ki daina zagin kek ɗina?"

"Ranar da na daina, kira min likita."