Ranar da Aka Zuba wa Filin Don Hilario Kwalta

Yau Litinin na dawo gida da takalmi ƙafa ɗaya. Ɗayan yana can filin tseren babur na garinmu Villa Ondarra, kwalta ta riƙe shi, kuma wani mai gadi ya shaida mini cewa tunda ya manne da aikin hukuma, ya zama kayan hukuma. Matata Nélida ta dube ni tun daga bakin ƙofa ta ce, "Kai tsoho, biki ka je ko dambe?" Na ce mata biki ne, har da masu busa ƙaho, ta ba ni ruwa in wanke ƙafa tukuna. Ba takalmin ne ya dame ni ba, jama'a, dama ya sha jiki. Abin da aka yi wa maƙwabcina Don Hilario Urrutia ne ya tsaya mini a rai, har yanzu na kasa cin abinci.

Shekara talatin da huɗu ke nan Don Hilario yana kula da ƙasar filin nan. Bari in ɗan yi bayani saboda manyanmu masu karanta wannan shafi, don yau na gano ba su sani ba. Babur ɗin tseren zamiya ba shi da birki, giyarsa ɗaya ce tak. Mutum huɗu ne ke zagaye huɗu, in sun zo kwana sai su kwantar da babur, tayar baya ta zame, ƙafar hagu mai takalmin ƙarfe tana jan ƙasa. Ƙasar ita ce birkin, ita ce kuma ke mayar da mutum gida wurin iyalinsa. Don Hilario shi ya haɗa tamu da hannunsa, jar laka da yashin rafi da dakakkiyar katantanwa daga bakin teku, yana ƙarawa yana ragewa kowace shekara, har ta kai matuƙan da suka zagaya Ajantina kaf suna cewa ba su taɓa hawa mai laushinta ba.

Sai dai wasan kansa yana jin jiki, ba zan ɓoye muku ba. A da matuƙa goma sha huɗu ne 'yan garin nan, yanzu saura uku. Duk wanda ya ƙware sai ya haɗa jaka ya nufi Poland. Taya da mai sun fi ƙarfin bakanike. Katangar filin har yanzu katako ce, kuma tsakanin tsere da tsere 'yan kallo sai su zauna su yi ta hamma, saboda tsohuwar motar da ke yayyafa wa fili ruwa sai an tura ta take tashi. Shekara goma sha ɗaya Don Hilario yana rubuta takarda iri ɗaya zuwa ofishin manya. Yana roƙon katangar roba da ake hura wa iska a kowace kwana, da motar ban-ruwa mai tashi da kanta, in da hali kuma da ƙananan babura biyu don masu koyo. Ko sau ɗaya ba a amsa masa ba. Bara kuwa ƙungiyar tsere ta ja mana kunne: za ta turo mai duba fili a watan Disamba, in ba ta sa hannu ba, babban tseren Janairu ya koma garin Paso Lindero. Kowa ya san garin da aka karɓe wa ranarsa ba ya sake ganinta.

To, a nan ne muka yi wauta da kanmu, kuma har da ni a ciki. Muka ce tunda takarda ba ta aiki, mu gayyato Mai Girma Uban Ci Gaba, Shugaban Kwamitin Faranta wa Jama'a Rai, ya zo tseren ƙarshe na watan Fabrairu ya gani da idonsa. Aka yi ta muhawarar inda za a zaunar da shi, alhali amsar a fili take. Duk ɗan Villa Ondarra ya san babu wuri mai daraja kamar bakin kwanar farko, inda tayar baya ke watso ƙasa. Gidaje gadon wurin suke yi. Kana zuwa da kwalinka ka kare fuska, ka rufe bakin ƙoƙon mate, shayin ganyen da muke sha, da tafin hannu, in ka koma gida da tsabta kuwa ba ka ga komai ba. Iyalin Schamberger, waɗanda tun kakansu suke tsayawa a nan, suka matsa da kansu don girmama baƙo.

Mai Girma ya iso cikin farar kwat, fari tas har takalmi. Na ga Don Hilario riƙe da kwali yana juya shi a hannu. Na raɗa masa, "Ba shi mana." Ya ce, "Kai Celso, in miƙa wa babban mutum kwalin taliya? Ai sai ya ce raina shi na yi."

Aka ɗaga igiyar fara tsere, babura huɗu suka taso. Abin da na gani na gaba shi ne Mai Girma ya koma ja tun daga gashi har gwiwa, idanu kawai ke motsi. Fili ya ɗauki tafi da shewa, domin al'adarmu ce a tafa wa wanda ya sha watsin farko, har wani tsoho ya miƙo hannu ya bubbuga masa kafaɗa ya ce, "Yau ka zama namu!" Mu a wurinmu karramawa ce ta ƙarshe. Shi kuwa ya tofar da abin da ke bakinsa, ya karɓi lasifika.

"Jama'ata," in ji shi, "yau na ga halin da kuke ciki, har na ɗanɗana. Na yi muku alkawari, kafin shekara ta zagayo babu wanda ƙura za ta sake taɓawa a wannan fili!"

Muka sake tafawa, hankalinmu kwance. Mutumin da ya yi mana alkawarin gada sau uku, ya yi alkawarin rufin asibiti har ruwan sama ya gaji da jira, wa zai ji tsoron alkawarinsa? Don Hilario ne kaɗai ya ɗauki maganar da gaske, shi ma fassara ya yi mata. "Motar ruwa yake nufi," ya ce da ni a hanyar gida, bakinsa har kunne. "Ka ga amfanin gani da ido."

A watan Agusta, ana tsakiyar sanyi, aka wayi gari an kewaye fili da kwanon rufi, an kafa allo mai hoton Mai Girma yana murmushi, an rubuta Aikin Zamanantarwa. Don Hilario ya je da makullinsa ya tarar an canja kwaɗo.

"Baba, ba a shiga," in ji mai gadi.

"Ni ne mai kula da wurin."

"To ka huta mana. Yanzu injiniya ne ke kula."

"Injiniyan me?"

"Na hanya, Baba. Babba ne, daga birni aka kawo shi."

Ko wannan bai sa ya sha jinin jikinsa ba. Wata huɗu yana leƙo ni ta kan katanga da ƙoƙon mate a hannu, in tifa ta wuce ya ce, "Ka ji, Celso? Harsashin katangar roba suke zubawa." A watan Nuwamba iska ta kaɗo mini warin kwalta har ɗaki. Na san warin sarai. Na ce wa kaina wataƙila layinmu za a gyara, na rufe taga. Tsoro ne ya hana ni faɗa masa, kuma yau ina jin kunyar hakan.

Da safiyar yau aka yi bikin buɗewa, aka haɗa shi da zuwan mai duba fili, Señora Amalia Roldán, mace marar yawan magana mai fayil a hammata. Don Hilario ya sa rigarsa ta zuwa coci. Masu ƙaho suka busa, aka yanke kyalle, aka janye kwano.

Baƙi wuluk, jama'a. Sumul, yana sheƙi a rana, an ja masa farin layi a tsakiya, har da zanen tsallaka titi a gaban rumfar manya. Katangar katako tana nan daram, an dai shafa mata sabon fenti. Dole in yaba, don ni mutum ne mai adalci: tunda aka haife ni ban taɓa ganin kwalta mai kyan wannan a garinmu ba. Motar asibiti da ke tsalle a ramukan babban titi da ta samu irinta da ta yi kuka don daɗi. Alkawari ɗaya da aka taɓa cika mana a tarihi, kuma aka cika shi da inganci.

Masu ƙaho ne kaɗai ba su lura wuri ya yi tsit ba. Don Hilario ya taka a hankali har kwanar farko, ya durƙusa da rigar cocinsa, ya ɗora tafin hannu a kan kwaltar. Ya daɗe a haka. Sannan ya ɗago ya ce, "Ranka ya daɗe, ina ƙasar?"

"Wace ƙasa, dattijo?"

"Wadda ke nan."

Mai Girma ya waiwayi injiniya, injiniya ya gyara hularsa ya ce, "An kwashe dattin gaba ɗaya, ranka ya daɗe. Tifa sittin. Mun cike ramin bayan mayanka da shi."

"Ka ji ko?" in ji Mai Girma. "Ba sai ka gode ba, aikinmu ne."

Señora Roldán ta matso, ta ƙwanƙwasa kwaltar da dunduniyar takalmi. "Yallaɓai, a kan wannan taya ba za ta zame ba, kamawa za ta yi. Duk wanda ya shigo kwanar nan da gudu, katakon can ne zai tare shi."

"To ya taka birki mana, Señora."

"Ba su da birki."

"Su wa?"

"Baburan. Haka ake ƙera su."

Mai Girma ya yi tsuru-tsuru, sannan ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya juya ga na kusa da shi ya ce, "Kana ji? Shekara da shekaru ana barin 'ya'yan talakawa suna hawa babur ba birki, ba wanda ya sanar da ni! A kafa kwamiti yau, a gano wanda ya ci kuɗin birkin." Na kusa da shi ya rubuta. Wallahi ya rubuta, ina kallo.

Señora Roldán ta rufe fayil, ta mayar da biro jaka, ta je ta tsaya kan Don Hilario ta ce, "Ka yi haƙuri, Don Hilario. Na san abin da ke nan a da. Ba zan iya sa hannu ba." Fermín Kessler, ɗaya daga matuƙanmu uku da suka rage, ya cire hula ya ce da ni ƙasa-ƙasa, "Gobe zan ɗora babur a mota in kai Paso Lindero. Sauran biyun ma ba za su zauna ba." Ni kuma na shiga in ɗago maƙwabcina, rana ta riga ta narkar da kwaltar, a nan ne takalmina ya shiga aikin hukuma.

Da yamma na ji ana taɓa ƙofa. Don Hilario ne, yana neman aron baro da shebur. Nélida ta harare ni ta ce, "Ka tsaya kallonsa? Sa silifa ka bi shi." Muka tafi bayan mayanka. Ramin ya cika, amma wata huɗu mahauta suna zuba nasu a kai, gari yana zuba shara, ruwan sama ya dama komai wuri ɗaya. Ya haƙa nan, ya haƙa can. Duk shebur ɗin da ya ɗago, ja kaɗan ne, sauran fasassun kwalabe da ƙashi da leda.

Na ce, "Don Hilario, a fasa kwaltar mana. Mu tara mutane da diga. Laka tana nan, rafi yana nan, ka sake haɗa wata."

Ya jingina da shebur ya dube ni kamar yadda ake duban wanda bai san komai ba. "Sabuwar ƙasa takan yi shekara goma ana hawa ana gyarawa kafin ta kwanta, Celso. Kafin nan mugunta gare ta, karya mutane take yi." Ya share gumi da hannun rigar cocin. "Shekarata saba'in da uku. Wa ma zai hau mini ita?"

Ya ɗora shebur a cikin baro, ya turo mini kayana, ya ce ya gode. Na bi bayansa har gida da baro ba komai a ciki, kuma ban taɓa jin haushin manyanmu kamar na wannan tafiya ba.

Af, kafin in manta. Na ji an gayyaci Mai Girma ranar Lahadi ya buɗe lokacin wanka a tafkin garinmu. Don girman Allah duk wanda zai je ya yi iyo a hankali, kada ɗigo ɗaya ya taɓa masa kwat. Injiniya ya ce akwai ragowar kwalta.