Ranar da motar Baban Nana ta sha magani

Ba zan taɓa mantawa ba da damanar da maigidana, Baban Nana, ya sayi a-kori-kurarsa. Kowa murna yake, ni kuwa tsoro ne ya kama ni. Ina goye da Nana, ko zama ba ta fara ba, ga ubanta zai riƙa hawa kwalta kullum cikin kamyo, manyan motocin siminti na Malbaza. Amma ba kamyo ya fi hana ni barci ba, bakin mutane ne. Duk wanda ya biyo ta ƙofar gida sai ya ce, "Kai, motag ga ta yi kyau!" Ina daga ciki ina kasa kunne in ji ya ƙara da tubarkalla, shiru.

Da na je ganin gida Tajaye na kai kukana wurin Gwaggona. Ta ba ni ƙullin gari: tazargade, tafarnuwa, ƙaro, da wasu saiwoyi da ban san sunansu ba. Ta ce in jiƙa in riƙa yayyafa wa motar. To, Baban Nana ba ya son irin wannan, shi dai addu'a ta isa. Yaya zan fita kullum da ƙwarya ina zagaya mota a idon maƙwabta?

Nan dabara ta zo mini. (Ban yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko, amma idona ba ya barin komai ya wuce.) Na sha ganinsa yana ɗaga kapo, wato murfin inji, ya zuba ruwa a wata farar roba mai shuɗin murfi, in ya ja ƙaramin sandan da ke jikin sitiyari sai ruwa ya fesu a gilashin gaba. Na ce ashe motar ma ta iya yayyafa wa kanta! Ran nan ya tafi sallar la'asar, na ɗaga kapo da kyar, na juye jiƙon gaba ɗaya. Ko tacewa ban yi ba, kada ƙarfin ya tsaya a rariya. Na koma ɗaki ina jin duk Malbaza babu mai wayona.

Ba a yi mako ba aka zo bikin Rabi, ƙanwar Baban Nana. Motarmu ce za ta kai kayan ɗaki Badaguishiri. Ni da Inna, surukata, muna gaba, ta sha farin mayafinta na biki, mata kuma suna baya cikin katifa da kwanoni suna guɗa. Da asuba an yi ruwa. Ko fita gari ba mu yi ba wani kamyo ya watso mana jan taɓo, gilashi ya rufe ruf. Baban Nana ya ja sandan. Waifa ta tashi ta shafe taɓon kamar ana yaɓen ɗaki, ruwa ko ɗigo.

"Sani!" ya ce, yana huci. "Shi ya duba ta kahin in saya, ya ce komi lahiya lau."

Sani makanike abokinsa ne tun suna yara. Baban Nana ya sauka ya goge gilashin da tsumma, ya juya kan mota sai garajin Sani. Ni dai na ƙara rungume Nana.

Sani bai yi fushi ba da farko. Ya ce a ja sandan, ya kara kunne. "Ka ji ƙara? Famfo na aiki, wuta na zuwa, fis bai ƙone ba." Ya girgiza robar, ruwa cike. "To, hanya ce ta toshe. Wa ke da allura?" Kun san wa ya miƙa? Ni. Na zare fil daga ɗankwalina na ba shi. Ya tsokaci ƙananan ramukan nan biyu da ke kan kapo, aka ja, babu. Ya cire siririn tiyon, ya hura, bai wuce ba. Sai na ga ya kafa baki zai zuƙa.

Wallahi na so in hana shi, amma sai na kau da kai.

Ya zuƙa. Ido ya fito, ya tofar, ya sake tofarwa, ya duƙa yana kakari. "Subhanallahi! Miya kuka dahwa ciki?"

"Ni za ka tambaya?" in ji Baban Nana. "Ban da ni, kai ɗai ka taɓa buɗe kapon ga!"

"Ni zan zuba ma tahwarnuwa a mota? Shekara nawa muna tare?"

Mata suka sauko, Inna ma ta fito, mutanen garaji suka kewaye. Ina kallo zumuncin mutum biyu zai lalace a kan jiƙona, amma har lokacin ina fatan ƙasa ta rufa mini asiri. Sani ya hure tiyon da ƙarfi, wani baƙin gudaji ya faɗo, ya mayar, ya ce a ja. Ashe fil ɗina ya karkata rami ɗaya. Ruwan bai nufi gilashi ba, ya yi gefe, tsaf a kan farin mayafin Inna.

Inna ta ɗaga mayafin ta sunsuna, ta sake sunsunawa.

"Tazargade," ta ce. "Da ƙaro. Wanga haɗin mutanen Tajaye ne."

Duk taron nan mutum ɗaya ce 'yar Tajaye. Na ja zanen goyon Nana na rufe fuska, na ce da ƙaramar murya, "Inna, ni ce. Maganin baki ne."

Na jira faɗa. Sai na ji Inna ta fashe da dariya har tana dafa mota. "Ɗiyata, ba a ɗura ma mota, ba jinjira ba ce!" Ta zura hannu ƙarƙashin kujerar direba ta jawo wani ɗan ƙulli. "Ga nawa nan tun ran da anka sayo ta. Ya hana wani abu aiki?"

Mata suka ɗauki guɗa. Baban Nana ya riƙe kai ya ce, "Wato ni ɗai ban san motata na jinya ba." Ya juya ya kama hannun Sani ya ba shi haƙuri. Sani ya kurkure baki ya ce, "Ba komi. Uwar Nana, na gode, ni kam bana baki bai kama ni."

Aka cire robar aka wanke ta tas, aka zuba ruwa mai tsabta, Sani ya daidaita ramin da fil ɗin nan dai, ruwa ya fesu gwanin kyau. Mun isa Badaguishiri a makare, amma labarin ya riga mu ta waya. Tun daga bakin ƙofa dangin ango ke cewa, "Marhabin da likitar mota!" Har yau sunan bai sake ni ba, har ni ma na fara amsawa.

Abin da na koya shi ne, robar nan ruwa zalla take so, kuma duk wayon da na ji ya yi mini daɗi da yawa, gara in tambayi Inna tukuna. Tsoron dai yana nan, hanyar magani kuma an toshe mini. Don haka ina roƙonku, in kun ga wata farar a-kori-kura mai ƙyalli tana fita daga Malbaza, ku yaba ta yadda kuke so, amma don Allah ku ƙara da tubarkalla.