Gimbiya, Akawu da Sauro a Bayan Labule

Jiya Talata na yi awa uku cur a kan bokitin fenti, a bayan labule, waya a hannu, gumi yana bin gadon bayana, ina jiran wani babban mutum ya ga dama ya iso ya yanke kirtani. Ni ɗin nan da kuka sani, wanda ba ya barin manya su sha ruwa a wannan shafi. To yau ku gyara zama, da kaina zan fara, abin da ya rage na tawada sai a shafa wa manyan.

Ga wanda bai san ni ba, shagon fotokwafi gare ni, kuma idan kasuwa ta yi sanyi ina haɗa kiɗa a waya. Tallar mai sabulu, tallar mai cire haƙori, irin abin da ba ya wuce daƙiƙa talatin. Ba ni da fiyano, ba ni da situdiyo. Abin da na mallaka shi ne waya mai tsagaggen gilashi, da iyafis na sawa a kunne, da kuma tabbacin cewa duniya ce ba ta gano ni ba tukuna.

Ƙanin maiɗakina masinja ne a wata hukuma da ba zan faɗi sunanta ba, tunda ita ma ba ta gama sanin aikinta ba. Shekara huɗu ya yi yana zaman jiran aiki da 'ya'ya uku, sai watanni uku da suka wuce aka ɗauke shi, kuma har yanzu a matsayin gwaji yake. Wata rana yana raba shayi a ofis ya ji ana cewa za a buɗe ɗakin taron hukumar, karo na uku ke nan ana buɗe shi, kuma Mai Girma Mai Almakashi yana son irin kiɗan nan na ƙasaita da ake ji a fina-finai, wanda taron makaɗa masu baƙar kwat suke yi, mutum ɗaya a gabansu yana kaɗa sanda. Bawan Allah ya ajiye faranti ya ce ai mijin yayarsa ya iya. Sakataren Mai Girma ya amince, amma ya ƙara masa da cewa in kiɗan ya kunyata Mai Girma, kada ya wahalar da kansa da zuwa aiki ran Laraba.

Da ya zo shago ya ba ni labari, ko zama bai yi ba.

"Yaya, na sa wuyana a kanka fa," in ji shi. "In ka san ba za ka iya ba, ka faɗa min tun yanzu in je in ba da haƙuri."

Na ce masa ya je ya yi barcinsa da minshari. Har na ɗan ji haushi da ya tambaya.

Mako biyu gare ni, sai na shiga farautar manhajar da za ta zuba min makaɗa a cikin waya. Uku na gwada, kuma tunda ba su biya ni kuɗin talla ba, da sunayen da na raɗa musu za ku san su.

Ta farko kyauta ce, na sa mata suna Sauro. Gogenta siriri ne, yana shiga kunne ya ƙi fita, ƙahonta kuwa hon ɗin babur ne aka sa wa kwat. Duk taɓawa uku sai ta nuna maka tallar maganin rage tumbi, abin da na ɗauka a matsayin cin fuska. Amma fa ba ta da nauyi, ba ta cin data, kuma kana taɓa ta take buɗewa. A kanta na fara zana kiɗan a rana ɗaya, na saurara, na yi tsaki, na wuce.

Ta biyu sau ɗaya ake biya, na kira ta Akawu. Sautinta tsaf, ba datti, sai dai ba rai a ciki. Kowane sauti da ƙarfi ɗaya yake fitowa, ko na murna ne ko na makoki. Ka biya ka shiga, sannan ka tarar manyan ganguna suna wani ɗaki da nasu kuɗin, sarewa tana wani ɗaki da nata. Abin da aka biya ta shi take yi, ba ƙari, kuma na tabbata da tana da agogo da ƙarfe huɗu na yi za ta kulle ta tafi gida.

Ta uku ita ce Gimbiya. Kuɗinta wata-wata ne, kuma na wata ɗaya ya yi daidai da man babur ɗina na wata. Kwana biyu ina sauke ta. Da ta ce waje bai ishe ta ba na goge hotuna, na goge bidiyo, na goge har lambobin mutanen da dama ba sa ɗaukar wayata. Amma jama'a, in ka sa iyafis ka taɓa babban gogenta, wanda ake jinginawa a ƙasa, sai ka ji shi a ƙirjinka. Kana jin gogar tsirkiya, kana jin mai busa sarewa yana jan numfashi kafin ya busa. A layin mai na fara jin ta sosai, ina tura babur taku ɗaya duk minti goma, ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba. Mutumin da ke bayana ya dafa kafaɗata ya ce in yi haƙuri, an yi alkawarin farashin zai sauko. Na gode masa, don ban san ta inda zan fara bayani ba.

Maiɗakina ba ta yi kuka ba. Ta nemi hoton autarmu na ranar da ta fara tafiya, ta rasa, na yi mata bayanin numfashin mai sarewa. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Wato ka goge 'yarka don ka ji wani ƙato yana numfashi?"

Na ce ba za ta gane ba. Ta ce gaskiya ne, kuma ba ta fatan ganewa.

Maƙwabcin shagona mai gyaran rediyo ne, dattijo, ya fi shekara talatin yana shaƙar hayaƙin dalma. Na miƙa masa iyafis don ya yaba. Kiɗan da na haɗa a Gimbiya yana farawa ne da manyan goguna su kaɗai, can ƙasa, a hankali, har minti ɗaya, kafin ƙahoni su shigo. A raina wannan ita ce fitowar rana. Dattijo ya saurara da kunne ɗaya, ya cire, bai ce ya yi daɗi ba, bai ce bai yi ba. Tambaya ɗaya ya yi: a me za a sa shi? Ya jawo wata tsohuwar lasifika mai bakin mazurari daga ƙarƙashin tebur ya ce in kawo mu gwada a nan, domin sauti mai kauri sai babban akwati, ƙaramin baki ba ya iya furta shi.

Na janye wayata kamar ya ce zai tsoma ta a ruwa. Na sanar da shi cewa an shelanta an sayo wa ɗakin taron sababbin na'urorin sauti daga waje, na karanta da idona. Ya ce shi ma ya ji, sai dai duk lokacin da za a buɗe ɗakin shi ake kawo wa amfilifayar, wato na'urar ƙara sautin, ya lallaɓa ta. Na ce wannan da ne. Ku lura da kyau, ni da nake cin abinci da gaya muku kada ku yarda da sanarwa, ni ne na yarda da sanarwa na ƙaryata mai gyara. Dalili kuwa ba ya wuce cewa na riga na kashe kuɗi, kuma ba na son jin komai da zai taɓa Gimbiya.

Ranar taro na isa da wuri cikin rigata mafi kyau. Ɗaki ya sha fenti har da tagogin da ba sa buɗuwa. Na ɗaga kai ina neman sababbin na'urori, sai na ga lasifika biyu masu bakin mazurari a kan sanduna, an shafe su da fentin bango don su yi kama da 'yan gida. Ƙannen lasifikar maƙwabcina ne uwa ɗaya uba ɗaya. Duk da haka na ce wa kaina ai Gimbiya ce, ko a gwangwani aka sa ta za ta yi magana.

Mai kula da sauti ya kai ni bayan labulen dandamali, ya miƙo min igiya, ya nuna min bokiti. Can sai ga ƙanin maiɗakina da takardar tsarin taro, yana miƙo min yana kallon wani wajen. Abu na huɗu a jeri: taken buɗe taro, daga ƙungiyar makaɗa arba'in ta hukuma. Na waiga hagu da dama, daga ni sai tsani da tsintsiya. Na tambaye shi ina arba'in ɗin. Ya kalli wayar hannuna. Ya ce an ba da umarni kada a ɗaga labule saboda tsaro. Ta tagar baya kuma ina kallo aka shigo da abincin makaɗa, kwali arba'in, aka wuce da shi kai tsaye zuwa but ɗin wata mota. Ni an ba ni ruwa.

Raina ya ɓaci ƙwarai. A awa ukun nan na tsara jawabin da zan yi wa Mai Girma, mai gabatarwa da sassa uku da kammalawa. Na yi niyyar in yaye labulen da hannuna in nuna wa jama'a ƙungiyarsu.

Mai Girma ya iso, aka yi tafi, aka yanke kirtani a inda aka ɗaure shi bara. Mai gabatarwa ya ce kowa ya miƙe don girmama makaɗa. Na danna.

Shiru. A fuskar waya ina ganin layin kiɗan yana tafiya, manyan gogunana suna ta aiki, amma abin da ke fita daga lasifika bai wuce gunjin firji ba. Na leƙa ta tsagar labule. Mutum wajen ɗari uku a tsaye, Mai Girma ya dafa ƙirji ya lumshe ido yana sauraron babu. Daƙiƙa goma, ashirin. Wani ya yi tari. Sai na ga Sakatare ya juya a hankali yana neman wani da ido, har ya same shi a bakin ƙofa riƙe da jakar Mai Girma. Ban taɓa ganin fuskar ƙanin maiɗakina haka ba. Tsoro ya kama ni, ga shi kuma ƙahonina ba za su shigo ba sai bayan wasu daƙiƙa arba'in.

Zanen farko da na yi a Sauro yana nan, ban goge shi ba don bai kai girman da za a damu da shi ba. Na lalubo shi na danna.

Jama'a, Sauro ta tashi. Siririn gogen nan ya fito ta mazurari kamar don shi aka ƙera ta, ya cika ɗaki, ya fita titi. Hon ɗin babur ya biyo baya, sai ga mutane suna gyaɗa kai. Da aka gama, tafin ya fi na yanke kirtani. Mai Girma ya karɓi makirufo ya ce ga amfanin zuba jari a kan masu basira, kowa ya ji da kunnensa bambancin hannun ɗan Adam da na'ura. Ya yaba musamman da shirun farko, ya ce a manyan ƙasashe haka ake farawa.

Ana watsewa na ji an taɓa labule. Mai Girma ne da kansa ya zuro kai da kafaɗa, Sakatare a gefensa. Ya dubi bokiti, ya dubi igiya, ya dubi waya. Ko gira bai ɗaga ba. Na miƙe, jawabina ya taso har maƙogwaro, gabatarwa da sassa uku da kammalawa. Ta saman kafaɗarsa kuma ina hango masinja, ya rungume jaka da hannu biyu, idonsa a bakina.

"Kai ne shugabansu?" in ji Mai Girma.

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Aiki ya yi kyau. Ka gaishe min da sauran talatin da tara."

"Za su ji, ranka ya daɗe."

Har da rusunawa na yi. Ba wanda ya tilasta min, gwiwar ce ta san hanya.

Masu rubuto min suna tambayar wace manhaja za su saya, ga amsa a taƙaice. In don kunnenka ne kai kaɗai kuma kana da man da za ka yafe, Gimbiya ba ta da na biyu. In tallar sabulu ce, Akawu ta isa. In kuwa hukuma ce ta gayyace ka, ka fara zuwa wurin mai gyaran rediyo ka tambaye shi me aka kawo masa gyara a makon.

Yau Laraba da safe ƙanin maiɗakina ya wuce ta gaban shago da rigar aiki a goge, ya ɗaga min hannu. Na ji daɗi har cikin raina, kuma na ji kunyar da ban taɓa ji ba, duka a lokaci ɗaya. Maƙwabcina kuwa tambayata kawai ya yi ko wannan makon ma zan rubuta a kan maƙaryata. Na ce masa eh, kuma wannan karon ba sai na yi nisa wajen bincike ba.

Saura abu ɗaya. Gaisuwa amana ce, ni kuma na karɓa a gaban shaidu. Don haka duk wanda ya ci karo da ɗaya daga cikin mutum talatin da taran nan, a kasuwa ko a layin mai, ya taimaka ya gaya masa Mai Girma yana gaishe shi.