Hannun Zuera da Na'ura Ta Kasa Ji

Yau na sha rana a banza, jama'a. Ana sallame sallar asuba na tasa ƙanwata Zuera a gaba, muka matsu cikin trotro, ƙaramar bas ta haya, daga unguwarmu Maamobi zuwa babban asibiti, don ranar da muka yi wata bakwai muna jira ta zo. Muka tarar da ƙofar likita a garƙame. Ma'aikaciyar wajen ta ce an ɗauke shi zuwa wani otal a bakin teku, taron kwana uku na wayar da kai kan cututtukan da ba a cika gani ba. Na nuna mata Zuera, na ce ga cutar nan ta kawo kanta har ƙofa. Ta ce mu dawo bayan wata biyar.

Zuera waakye take sayarwa, wato dafaffiyar shinkafa da wake. Tun bara hannunta na hagu ya fara sanyi, ɗaukar tukunya ya gagare ta, in ta miƙe jiri ya kwashe ta. Ka wuni riƙe da wuyan hannun nan, ba za ka ji bugun jini ba. Wani ƙaramin likita mai tsoron Allah ya ce garkuwar jikinta ce ta juya tana yaƙar manyan hanyoyin jini, suna kumbura suna tsukewa, kuma in ba a tare ba ido na iya tafiya, ko ɓarin jiki ya shanye. Ya ce aikin ƙwararre ne, su kuwa ba su da yawa. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye muku ba, ita kaɗai ta rage mini.

Amma kada a ce manyanmu ba sa ƙoƙari. Watan jiya Mai Girma Sarkin Kafa Rumfa, Allah ya ƙara masa kujerun roba, ya kawo gwajin lafiya kyauta bakin layinmu, da makaɗa da masu hoto. Sau uku aka ɗaura wa Zuera na'urar awon jini, na'ura ta yi gum. Mai awon ya dubi layi, ya dubi kyamara, ya rubuta mata lambar da ya rubuta wa kowa. Aka ba ta takarda cewa lafiyarta ƙalau, haɗe da riga mai hoton Mai Girma. Rigar ma sai da na taya ta sawa.

Na kai kukana teburin mai shayinmu Maman, mutumin Nijar da ba ya tauna magana. Ya ce laifinmu ne, talaka ya tsaya a zazzaɓin sauro kamar kowa mana. "Malam, cutar da ba ta tara jama'a, wa zai kafa mata rumfa?" Na ce ai an yi mata taro a otal. Ya ce to, kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi.

Da na koma gida na samu Zuera zaune ta rufe ido ɗaya da tafi, tana gwada ɗayan. "Yaya," ta ce, "wata biyar fa. Idon nan zai jira?"

Sai ga sallama a ƙofa. Ɗan aiken Mai Girma ne, yana bi gida-gida yana tabbatar da kowa na da katin zaɓe, har da alkawarin mota ga marasa lafiya ranar ƙuri'a. Allah sarki. Jinin da ke cikin hannun sun kasa samu, amma babban yatsan da ke jikinsa har gida za a zo ɗauka.