Sandar Eriyar Kamaluddin

"Ina kwana, tsoho. Har yanzu kana nan kana shanye mana kokon unguwa?"

"Lafiya lau, uwargida. Ina nan daram sai na ga wanda zai rage min nauyinki. Shekara ashirin da huɗu ina zuba ido, ko mai tallan gawayi bai tsaya ya tambaya ba."

Mahaifina ke nan, Malam Gausu, da 'yata Hanifa. Safiyar Asabar ce, a tsakar gidansa na Zongo. Mun taso daga Kwadaso saboda abu ɗaya, sandar eriyar ɗana Kamaluddin, yayan Hanifa, wanda ya rasu wata bakwai da suka wuce.

Kamaluddin yana cikin masu rediyo na sha'awa, waɗanda ke da lasin da lambar kira, suna magana da takwarorinsu na wasu ƙasashe ta iska. Sandar ita ke ɗaga masa wayar eriya sama. Gaɓa goma ce, kowace tana shigewa cikin 'yar'uwarta. A naɗe ba ta kai kafaɗata ba, a miƙe mita goma ce, kuma mutum ɗaya na saɓa ta. A gidan kakansa yake ajiye ta. Ranar nan da la'asar abokansa za su taru a filin wata makaranta a Asokore Mampong su yi abin da suke wa wanda ya rasu a cikinsu: a kira lambarsa sau uku a iska, a yi shiru, sannan a sanar cewa an rufe ta. Hanifa ta sami lasin ɗinta a watan jiya. Ita za ta yi kiran, kuma ta ce da sandarsa za ta yi.

"Na zo ɗaukar sandar," in ji ta.

"Wace sanda? Sandata ɗaya, ga ta nan, da ita nake korar awaki da jikoki."

"Ta ƙarƙashin gadonka. Wadda ka naɗe da bargon da ka hana kowa rufa da shi."

"Ashe har ɗakina kike leƙawa. Safia, kin ji 'yarki?"

"Ban ji komai ba, Baba," na ce. Tsakanin kaka da jika ba a shiga. Na zauna a bakin baranda.

"To ki ji da kyau, uwargida. Sandar nan ba ta fita. Ni na san ta, ni na raine ta. Ranar da ya fara ɗaga ta a nan, wa ya riƙe igiya?"

"Kai ka riƙe. Wa kuma ya sake ta ya tafi amsa sallama, har wayar ta faɗa kan tukunyar maƙwabciyarka Maman Mutala?"

"Baƙo ne ya yi sallama. Ke da ba ki san ladabi ba, ina za ki gane."

"Kaka, mai aboboya, babur ɗin kayan nan mai ƙafa uku, na jira a bakin lungu. Ba zan biya shi don ya saurari tarihinka ba."

"Ki sallame shi. Ke da kika ci jarrabawa jiya-jiya, har kin isa ki yi magana da duniya? Ni da sandar nan na yi hira da mutumin Japan."

"Me ka ce masa?"

"Na yi masa sallama."

"Ya amsa?"

"Kunya ta hana shi. Ya ji muryar babban mutum."

"Kamal ya faɗa min. Ka danne maɓallin magana ka ƙi saki, minti huɗu kana yi wa bawan Allah wa'azi. Ko ya so amsawa, ta ina?"

Baba ya gyara hularsa. Ya dubi bango, ba ita ba.

"Kuma wannan abin da za ku yi," ya ce, "wane littafi ya zo da shi? A kira mutumin da aka san ba zai amsa ba. Addu'a ake wa mamaci."

"Za mu yi addu'ar. Har Malam Rafi'u zai zo ya buɗe da ita. Kiran kuma na abokansa ne, na Tamale da Lome da waɗanda ban taɓa gani ba. Wasu har yau ba su san me ya sa ya yi shiru ba."

"In sandar ta fita ƙofar nan ba za ta dawo ba. Na san halinki. Faranti kika ɗauka da Sallah, har yau."

"Ba za ta dawo ta kwanta ƙarƙashin gado ba, wannan gaskiya ne. Ba don kwanciya aka yi ta ba. In kana son ganinta, ka zo fili."

Baba ya juya ya dubi ƙofar ɗakinsa. Na san abin da ke ransa, don ni ma rigunan Kamaluddin na nan a jere inda ya bar su.

Hanifa ta matso kusa da shi.

"To mu yi haka, tunda kai ne uban sanda. Ka ɗaga ta a nan, gaɓa goma. In ta tsaya, na bar maka ita, na je na ari ta wani. In ta faɗi, tawa ce."

"Safia shaida ce?"

"Ni shaida ce, Baba."

Ya shiga ɗaki ya fito da ita a rungume. Ya warware bargon da kansa. Sandar na ƙyalli kamar sabuwa, har ta fi yadda na san ta. Hanifa ta riƙe gindin. Shi kuma ya zaro siririyar gaɓar farko, ya murɗa, ya zaro ta biyu, yana ƙirgawa da Larabci da ƙarfi don maƙwabta su ji. Da ya kai goma, kan sandar ya wuce rufin bene.

"Ga ta nan," ya ce. "Ki je ki yi aro. Ki gaishe su."

Bai rufe baki ba gaɓar sama ta zame ciki. Ta biyu ta bi ta, sai sauran duka, kas-kas-kas, har sandar ta koma tsayin ƙirjinsa.

"Ke kika girgiza."

"Ko numfashi ban yi ba."

Ta dubi tafin hannunta, ta kai hanci.

"Tsoho, mene ne wannan?"

"Man kaɗanya ne. Mai kyau, daga garin Wa aka kawo min."

"Man kaɗanya ka shafa wa sandar eriya?"

"Kowace Juma'a. Yaron nan ya bar ta a bushe, gaɓoɓin na ƙara kamar gwiwata. Gafakar littattafaina shekara arba'in da shi nake shafe ta, ko tsagewa ba ta yi ba."

"Gafaka ba ta tsayuwa mita goma. Wannan bushewar ita ke riƙe ta. Ba ƙusa, ba ƙugiya, gaɓa ce ke cije 'yar'uwarta. Ka mayar da ita amarya, ina za ta iya aiki?"

"Wato wata bakwai ina ɓata ta."

"Wata bakwai kana yi mata kwalliya. Ruwan zafi da sabulu za su fitar. Amma sai an zare gaɓa-gaɓa, an wanke, an shanya. Kafin la'asar."

Baba ya dubi sandar, ya dubi hannuwansa da ke maiƙo. Kafaɗunsa suka fara motsi, sai dariya ta ƙwace masa, har ya zauna kan turmi. Tun rasuwar ban ji ya yi ta ba.

"Safia, ɗora ruwa. Akwai sabulun salo a kan taga, sabo, ban taɓa ba. Ki ba wannan mara kunyar." Ya nannaɗe hannun rigarsa. "Ke kuma ki faɗa wa mai aboboya ya dawo bayan azahar. Ya goge wurin zama. Ba na hawa baya da kaya."

"Wa ya gayyace ka?"

"Sanda taki ce, na yarda. Filin makaranta ba na ubanki ba ne."

Ta miƙa masa siririyar gaɓar, ta riƙe mai kaurin. Ya karɓa yana juya ta a hannu.

"Sau nawa kika ce za ki kira shi?"

"Sau uku. Haka ake yi."

"Ki ƙara ɗaya," ya ce. "Yaron nan bai taɓa amsa min a kira na uku ba."