Yadda Ake Jin Kiɗan Inji a Cikin Rumbun Gero

Kai mai karatu, alkawari ɗaya na yi maka, kuma ni ba na alkawarin banza. In ka bi matakan nan ba ka tsallake ko ɗaya ba, za ka ji kiɗan nan na zamani da injuna ke yi har cikin ƙashinka, ka ga launukan da ba a taɓa rina su a karofi ba. Abin da zai biyo baya ma za ka gani. Shi ma na lamunce maka.

Kada ka ce ina na san harkar. Ni Abdulgaffar na Babban Duhu ban zauna a aji ba, a jikin buhunan taki da tsofaffin jaridu na koyi boko. Amma wannan ilmin a gidanmu aka yi shi, a kan idona. Gwanin shi ne ƙanena Uwaisu, mai tsaron sito a wani ofishi a Safana. Ni tattarawa na yi, na rubuta.

Mataki na 1: Samo kiɗan

Ba a sayar da shi a kasuwar Batsari, kada ka ɓata takalminka. Ka nemi Bature mai haƙa rijiyar burtsatse, ka riƙa kai masa ƙwan zabi. Ranar da zai koma ƙasarsu zai miƙo maka kaset ɗin da ya gaji da shi. Haka Uwaisu ya sami nasa.

Ga yadda za ka gane na gaske ne. Babu murya, babu 'yan amshi, babu kalangu. Wani abu ne ke cewa wuuuuu, wani ya amsa masa da tsiu-tsiu-tsiu, kamar sauro ya faɗa tulu yana neman hanyar fita, a yi ta haka rabin sa'a.

Ranar da na fara ji na ce, "Uwaisu, wa ake wasawa a nan?"

"Yaya, ba a wasa kowa."

"Ina makaɗin?"

"Inji ne, Yaya."

"To in abin ya yi daɗi, wa za a tashi a yi wa kari?"

"Ba kowa. Ji kawai ake yi."

Ka lura da kyau. Kiɗan da bai san uban kowa ba, bai san garin kowa ba, shi ake nema.

Mataki na 2: Rikoda da batir

Shekarar da gwamnati ta yi wa ma'aikata ƙarin albashi, wasu za su rufe ɗakin uwarsu da kwano, wasu su sayi shanun huɗa. Ƙyale su, ba su waye ba. Kai ka hau mota zuwa Katsina ka ɗauko rikoda mai cin manyan batura shida a zama ɗaya.

Batir in ya yi sanyi, a shanya shi a rana kamar kuɓewa. In ya ƙara sanyi, a ɗan cije shi. Kiɗan zai riƙa ja da baya yana gurnani, amma kada ka damu. Na saurara da sabon batir, na saurara da mushe, ban ji bambanci ba.

Mataki na 3: Kada ka kunna a zaure

Uwaisu ya gwada. Kafin kaset ya kai rabi, mata bakwai sun yi layi a ƙofar gida da ƙoren hatsi a ka. Indo mai ƙosai ce a gaba, da jiƙaƙƙen wakenta.

"Malam Abdulgaffar, ashe an kawo injin niƙa garin nan, shi ne kuka ɓoye mana?"

Na ce ba inji ba ne, kiɗa ne.

"Kiɗa? To Allah Ya ba mai shi lafiya. Ku dai zuba masa mai, yana kukan ƙishi."

Wannan kiɗa ba ya son jama'a, jama'a ma ba sa son sa. Yana buƙatar wuri mai zagaye, mai duhu, marar taga, inda sauti zai fita ya rasa hanya ya dawo maka.

Mataki na 4: Kwashe rumbu

Rumbu ke nan. Ba irin na zana ba, na ƙasa, babba, mai baki a sama da jinka a kai. Amma rumbu mai hatsi yana shanye sauti. Dole a kwashe.

Ka zaɓi ƙarshen bazara, lokacin da abin da ya rage a ciki shi ne zai kai gida har kaka. Namu dami talatin da shida ne, bakuna goma sha huɗu na jiran su. Dami uku daga ciki an ɗaure su da jan ƙyalle: iri ne, wanda na zaɓa zangarniya-zangarniya da hannuna tun a gona. In wannan ya lalace babu shuka, in babu shuka kowa ya san sauran.

Babban wa ba zai yarda a kwashe rumbu don kiɗa ba. Saboda haka ka zo masa da ladabi, ka durƙusa.

"Yaya, na ga alamar gara a gindin rumbu. Bari in fitar da damman nan bayan gida, kwana biyu kawai, in yaɓe ciki."

Zai yarda. Ni na yarda. Har albarka na sa masa, na faɗa a masallaci cewa yaron nan ya fara hankali.

Abin lura: mutum yakan fito daga rumbu ne ta hanyar taka dammai. Rumbun da ba komai ciki rijiya ce. Ka ɗaura igiyar guga a wuyan rumbun ka sako ta ciki. Ka riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Mataki na 5: Randa

Lasifikar rikoda muryar yara gare ta. Ana so kiɗan ya yi kauri, ya daki ciki. Maganin wannan randa ce, kuma ba sabuwa ba, tsohuwa wadda ta shekara ashirin tana sanyaya ruwa. A kowane gida irin wannan ta uwa ce.

Ka jira ta tafi barkar suna. Ka zubar da ruwan, ka zura randar cikin rumbu da igiya. Ka kwance lasifika daga jikin rikoda, ka ƙara mata waya, ka ajiye ta a gindin randa. Sai ka durƙusa ka cusa kanka ciki har wuya.

Da tsohuwarmu, Inna Hajjo, ta dawo ta tarar da gurbi, sai ta ce, "Uwaisu, ina randata?"

"Inna, na kai ta gyara."

"Mi ya same ta?"

"Ba ta da murya, Inna."

Ta dube shi tun daga hula har takalmi. "Ni shekara ashirin ruwa nike nema wurinta, ban taɓa cewa ta yi mini waƙa ba."

Mataki na 6: Duhu da launuka

Masana harkar sun ce sai an ga launuka kiɗan ke cika. Na ji labarin a birni akwai 'yan iskan da ke shaye-shaye don su gani. Wannan haramun ne, kuma wauta ce, domin ba a buƙata. Ka shiga rumbu da tsakar rana a watan zafi, ka jawo jinka ka rufe bakin, ka sa kai a randa. Cikin minti goma za ka ga ja, ka ga shuɗi, ka ga kakanka yana tafe a kan raƙumi.

Don ƙarin armashi ka ɗaure bakin tocila da ɗankwalin matarka mai furanni. In Bara'atu ta tambaya, wato matar Uwaisu, ka ce iska ta ɗauke shi daga igiyar shanya.

Kwana biyun da ka roƙa za su zama tara. Yayanka zai tambayi yaɓe. Ka ce bai bushe ba.

Mataki na 7: Kada ka bari komai ya katse ka

Ranar da ta fi ita ce ranar kasuwar Batsari, maza duk sun tafi, ba mai kiran ka ka kama akuya. Kafin ka shiga za ka ga hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, iska na ƙamshin ƙasa. Kada ka kula. Ka ce wa kanka ruwan fari ba ya zuwa da rana.

Ya zo da rana.

Uwaisu ya gaya mini daga baya cewa a ranar kiɗan ya yi daɗin da bai taɓa yi ba. Ya ji wani rugugi daga can ƙasa wanda bai san yana cikin kaset ba. Tsawa ce. Ya ji wani shuuu mai sanyi ta kowane gefe. Ruwa ne a kan jinka. Ya ji mata na kuwwa daga nesa, ya ce ashe akwai 'yan amshi.

A waje Bara'atu da matata Ramatu suna jan dammai cikin taɓo zuwa ɗaki. Dami ba kayan mace ba ne, sai su biyu suke iya ɗaga ɗaya. Hamidu Bafillace ya zo wucewa da shanunsa, ya bar su a ruwa, ya riƙa saɓa bibbiyu. Duk da haka ruwa ya fi su hannu.

A gidanmu, kamar kowane gida na mutunci, mace ba ta hawa rumbu, ba ta leƙa cikinsa. Saboda haka Bara'atu ta ɗauki taɓarya ta riƙa dukan bangon.

"Malam! Malam, ka fito! Hatsi na jiƙewa!"

Dum. Dum. Dum.

Uwaisu ya ce nan ne wurin da ya fi so.

Mataki na 8: Yadda ake karɓar baƙo

Inna Hajjo ta haura saba'in. Tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa sa ƙafa a tsanin rumbu ba. Ranar ta ɗaure zane, ta hau, ta ture jinka gefe. Haske da ruwa suka zubo ciki. Abin da ta gani shi ne ɗanta na auta, ma'aikacin gwamnati, a durƙushe, gindi sama, kai cikin randarta, yana kaɗa kafaɗa.

Ta cire takalmi ta jefe shi. Ya zaro kai.

"Inna! Ke ce? Ai mata ba sa hawa..."

"Rufe mini baki. Maza sun shiga randa, shi ya sa. Ina yaɓen?"

"Inna, ki saurara minti ɗaya kawai, za ki gane."

"Na gane."

Ta kama igiyar guga ta jawo ta sama, hannu bayan hannu, ta naɗe ta a kafaɗa. Ta mayar da jinka, ta sauka, ta sa aka kwantar da tsani.

Na dawo da la'asar a bayan a-kori-kura, na tarar da dammai ashirin sharkaf, na iri duk a ciki. Inna ba ta faɗin sunana, ni ne ɗan fari. Ta ce, "Kai wancan, ba mai taɓa tsanin nan."

Na ce, "Inna, salla fa?"

"Ya yi taimama. Ƙasa ce gaba da baya."

Mataki na 9: Fita

Sharaɗin Inna ɗaya ne: rikoda ta fara fitowa. Mai son kiɗa na gaske ba ya miƙa wuya da wuri. Uwaisu ya kai hantsin washegari. Yunwa ba ta karya shi ba, ƙishi ne, yana zaune kusa da randar da ya zubar wa ruwa da hannunsa.

"Yaya! A sako igiya."

Aka jawo rikoda. Aka jawo randa, Inna ta ƙwanƙwasa ta ta ji ba ta tsage ba. Sannan aka zauna aka yi shawara a kan shi kansa, kafin a jawo shi.

Kwana uku rana ba ta fito ba. Geron ci mun ceto mafi yawansa, muka sha kunu mai warin ruma har kaka, kowa na kallon Uwaisu yana sha. Iri kuwa ya tsiro a cikin dami, fari fat, ya mutu a nan. Ƙasa ta jiƙu, maƙwabta sun fita shuka, mu muna tsaye hannu biyu.

Hamidu ne ya zo da jaki ɗauke da dami uku na zaɓaɓɓen iri. Bayan mun gaisa, na tambayi shanu da iyali, sai ya nuna rikoda da sandarsa.

"Malam, a ba ni wannan mai kukan, ku ɗauki iri."

Na ce, "Hamidu, me za ka yi da shi?"

"Tun da aka fara kukan nan a rumbunku, kura ba ta ƙara zuwa ruga ba. Ku Haɓe ba ku san amfanin kaya ba."

Uwaisu ya buɗe baki. Inna ta taɓa igiyar da ke kafaɗarta. Ya rufe.

Mun yi shuka a makare, amma mun yi. Yanzu rikoda na rataye a wuyan babban bijimin Hamidu. In garke ya bi ta gefen gonarmu ana wuuuuu, tsiu-tsiu, Uwaisu yakan tsaya da noma, ya jingina da hauya, ya lumshe ido. Ni kuma nakan zaɓi hogen ƙasa mai kyau in jefe shi, in taimake shi ganin launuka.

Gargaɗi

Ni dai na faɗi yadda ake yi, ban ce a yi ba. Wanda ya bi matakan nan kansa ya maƙale a randa, ko uwarsa ta janye igiya, ko iyalinsa suka shekara suna hararar sa a kan kunu, babu hannuna, babu na gidanmu, kuma kada a aiko mini da wasiƙa. Iri ba ni da na bayarwa. Kada kuma ka kwashi kayanka ka nufi rugar Hamidu. Na tambaye shi, ya ce rikoda ɗaya ta ishe shi.